Hedifon Ɗaya, Aiki Biyu: Wanne Ya Dace da Wasan Gasa da Jin Kiɗa?

Mai wasan harbi da mai jin kiɗa ba abu ɗaya suke nema a kunne ba. Wanda ya kai zagayen ƙarshe a PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile, ko yake tsare da ƙofa a Valorant ko Counter-Strike 2, burinsa ya ji takun abokin gaba tun yana bayan bango, ya gane ta hagu yake zuwa ko ta dama, a bene yake ko a ƙasa. Shi kuwa mai jin kiɗa so yake ganga ta yi nauyi, murya ta fito tas, kuma ya yi awa biyu kunnensa bai gaji ba. Kamfanoni sun lura da haka, sai suka raba kasuwa biyu, suka liƙa wa wasu fitilu masu launi da sunan wasa, wasu kuma suka kira su na masu kiɗa. Amma idan ka kwance kowanne, 'yan lasifika biyu za ka tarar, ɗaya a kowane kunne. Hedifon da aka daidaita sautinsa da kyau yana iya ɗaukar aikin biyu. Abin da ke raba gardama shi ne ɗakin da kake zama, na'urar da za ka jona masa, da ko kana bukatar makirufo.

Abin da ke sa ka gane inda taku ya fito

Ƙwaƙwalwa tana gane wurin sauti ta hanya uku. Sautin da ya fito daga dama yana riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta wuce kusan milisakan 0.7 ba. Yana kuma fi ƙarfi a wannan kunnen, domin kai ya tare wa ɗayan. Na uku shi ne lanƙwasar fatar kunne, wadda ke ɗan sauya siririn sauti gwargwadon ko daga gaba ya zo, ko baya, ko sama. Wasannin zamani suna lissafa waɗannan abubuwa uku da kansu, su turo su ta layi biyu kacal, hagu da dama. Wannan lissafin shi ne HRTF da kake gani a saitin sauti. Counter-Strike ya shigo da shi a ƙarshen 2016, Valorant a 2021, PlayStation 5 kuma tana da nata mai suna Tempest.

Ke nan aikin hedifon shi ne kada ya ɓata abin da wasa ya riga ya lissafa. Abu biyu ne ke ɓata shi. Na farko, lasifikar hagu da ta dama su ƙi daidaita da juna, wanda ya zama ruwan dare a masu araha: bambancin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 a wani zango na sauti ya isa ya karkatar maka da mutum daga inda yake. Na biyu, yawan bes, wato sauti mai kauri. Sauti mai kauri yana danne siririn da ke kusa da shi, don haka idan gurneti ya fashe kuma hedifon ɗinka ya kumbura zangon 100 zuwa 250Hz, ƙugin zai rufe takun mutum da ƙarar sauya harsashi na wani ɗan lokaci. A wannan ɗan lokacin ake kashe mutum.

Shi ya sa rubutun 7.1 a jikin kwali, mai nufin sauti kamar daga lasifika da yawa kewaye da kai, bai kamata ya ruɗe ka ba. Kusan duk masu wannan rubutu lasifika biyu gare su, sauran manhaja ce ke kwaikwayo. Idan wasan yana da HRTF nasa, ka kuma kunna 7.1 na hedifon, ko Windows Sonic, ko Dolby Atmos a kansa, an sarrafa sautin sau biyu ke nan. Za ka ji kamar fili, wato sararin da sauti ke fitowa kewaye da kai, ya ƙara faɗi, amma gaba da baya sun cakuɗe. Ɗaya ake kunnawa, kuma a wasan gasa na cikin wasan ne ya fi cancanta.

Buɗaɗɗe ko rufaffe

Nan ne babban zaɓi yake, kuma nan ne shawarar da ake karantawa a intanet ta fi yaudarar mai saye a ƙasashenmu. Buɗaɗɗen hedifon bayansa raga ce, iska na shiga tana fita. Sauti ba ya dawowa ya bugi kunne daga jikin kofin, saboda haka yana fitowa a sake, kamar daga cikin ɗaki yake zuwa ba daga tsakiyar kai ba. Kunne kuma ba ya yin gumi sosai. Sennheiser HD 560S, Philips SHP9500, AKG K702, Audio-Technica ATH-AD700X da Beyerdynamic DT 990 Pro duk wannan gida ne. A wurin gane nisa da kusurwa, galibi sun fi rufaffu masu kuɗi ɗaya da su. A kiɗan da murya ce gaba, da kayan kiɗa irin su kalangu, gurmi, goge ko jita, nan ma su ne gaba, haka a sauraron ƙira'a.

Sai dai ba sa tare komai. Duk abin da ke faruwa a ɗaki kana jin sa, duk abin da kake ji ma na kusa da kai yana ji. Masu rubuta sharhin da ke yabon su yawanci a ɗaki shiru suke zaune. Idan janareta na ruri a bayan taga, fanka na kaɗawa a sama, yara na wasa a tsakar gida, takun da ka sayi hedifon ɗin dominsa ya nutse. Abin da mutum ke yi sai ya ƙara murya, daga nan kuma kunne ne ke biyan bashin. Wani rauninsu shi ne can ƙasan bes, daga wajen 50Hz zuwa ƙasa, yana raguwa a yawancinsu. Mai jin amapiano ko afrobit da ke son gangar nan mai girgiza ƙirji zai ji kamar an rage masa wani abu, musamman a AD700X da K702.

Rufaffe kuwa yana toshe kunne, yana rage hayaniyar waje, musamman muryoyi da siraran ƙararraki, yana kuma riƙe bes. Farashinsa shi ne zafi, da fili mai ɗan ƙunci, da kuma dogaro ga yadda kushin ya manne da kai. Ƙafar tabarau mai kauri, gefen hula, ɗankwali ko kitso mai tudu, duk suna buɗe 'yar kafa, bes ya tsere ta nan, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi tserewa. Mai tabarau ya gwada da tabaransa a fuska kafin ya biya.

A cikin rufaffu, AKG K371 ne ya fi kusa da ma'aunin da masu bincike na kamfanin Harman, ƙarƙashin Sean Olive, suka gano yawancin mutane sun fi so: bes mai zurfi amma bai hau kan murya ba. A kiɗa yana da daɗi ƙwarai, a wasa ma ba ya danne taku, sai dai maɗaurin kofinsa ba ya son wulaƙanci. Beyerdynamic DT 770 Pro ya fi shi ƙwari da faɗin fili, kushinsa na karammiski ne a yawancin samfuransa, kusan kowane ɓangarensa ana sauyawa, amma siririn sautinsa yana da kaifi, harafin "s" a bakin mawaƙi yana iya sukar kunne, kuma igiyarsa ba ta cirewa. ATH-M50x ya shahara a situdiyo, yana naɗewa, yana da ƙarfi, amma filinsa matsattse ne, kushinsa kuma ba zurfi. A ganinmu, idan wasan gasa ne rabin dalilin sayen, shi ne na ƙarshe a cikin ukun.

Hukuncin a nan mai sauƙi ne. Ka zauna inda kake wasa, a lokacin da ka saba wasa, ka saurara na minti ɗaya. Idan kana iya jin ƙarar danna madannin kwamfutarka sarai ba tare da wani ruri ya rufe ta ba, buɗaɗɗe zai yi maka. Idan ba haka ba, rufaffe ko ɗan cikin kunne.

Igiya, dongul, ko Bluetooth

Mai igiya ba shi da jinkirin da kunne zai lura da shi, ba ya bukatar caji, kuma duk kuɗinka a sauti suka tafi. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bluetooth na yau da kullum, mai amfani da tsarin tura sauti na SBC ko AAC, yana jinkirta sauti da kusan milisakan 150 zuwa 250. A kiɗa wannan ba komai ba ne, a bidiyo ma manhaja na jinkirta hoto don su daidaita. A wasa ba dama. Idan wasa na tafiya a hoto 60 cikin sakan, kowane hoto milisakan 16.7 ne, ke nan jinkirin 200 ya kai hoto 12. Ka ga wutar bindiga, sannan ka ji ƙararta. LDAC na Sony, mai kai wa 990kbps, ingancin kiɗa yake ƙarawa, ba ya rage jinkiri. aptX Low Latency yana saukowa wajen 40, amma sai na'urar da hedifon duk suna da shi, kuma wayoyi kaɗan ne ke da shi. Yanayin wasa da ake tallatawa a ƙananan iyafis marasa igiya yana taimakawa, sai dai lambar da ke jikin kwali ta iyafis ɗin ce kawai, ba a haɗa da jinkirin wayar kanta ba.

Akwai matsala ta biyu da ta fi jinkiri muni, wadda da yawa ba sa sani sai sun saya. Da zarar ka buɗe makirufon Bluetooth don magana da 'yan ƙungiyarka, haɗin yana komawa yanayin kiran waya: layi ɗaya, sauti kamar na rediyo. Hagu da dama sun tafi gaba ɗaya. Wannan ya shafi har masu tsada irin Sony WH-1000XM5. Irin waɗannan masu kashe hayaniya suna da kyau ga kiɗa da tafiya, kuma rurin janareta na cikin abin da suka fi iya kashewa, tunda ƙara ce mai kauri da ba ta canzawa. Za ka iya jona su da igiya ka kunna kashe hayaniyar, jinkiri ya tafi, amma makirufonsu ba ya aiki ta igiya. Ka kuma tuna PlayStation 5 da Xbox Series ba sa karɓar hedifon Bluetooth na gama-gari kai tsaye.

Mara igiyar da ya dace da gasa shi ne mai ɗan dongul na 2.4GHz, wato 'yar na'urar da ake cusawa a ramin USB ta tura sauti zuwa hedifon, wanda jinkirinsa ke tsakanin milisakan 15 zuwa 30 a masu kyau. Ka duba abu uku. Bakin dongul ɗin: na USB-C yana shiga waya kai tsaye, na USB-A sai da adafta. Na'urar: Xbox tana bukatar samfurin da aka yi mata takamaimai, kuma yawanci samfurin Xbox yana aiki a PlayStation, amma na PlayStation ba ya aiki a Xbox. Sai batir, domin shi ne ke fara mutuwa. HyperX Cloud Alpha Wireless an yi masa alƙawarin awa 300, SteelSeries Arctis Nova 7 wajen awa 38 amma yana haɗa dongul da Bluetooth a lokaci guda, Arctis Nova Pro Wireless kuma batir biyu gare shi da ake musanyawa. Idan sauti na yankewa, kafin ka zargi hedifon, ka nisanta dongul ɗin daga ramin USB 3.0 da ke aiki da kuma na'urar Wi-Fi, ko ka ja shi gaba da 'yar igiyar ƙari. Duk suna cunkoso a zango ɗaya.

A cikin marasa igiya, Audeze Maxwell ne wanda mai jin kiɗa na gaske ba zai yi ƙorafi a kansa ba. Lasifikarsa shimfiɗaɗɗiya ce mai faɗin 90mm, bes ɗinsa zurfi ne ba kumburi ba, batirinsa na wuce awa 80, ya fito a kan dala 299. Aibinsa nauyi: kusan giram 490, wato ninki biyu na HD 560S mai giram 240. Bayan awa uku wuya ce za ta ba ka labari.

Makirufo da bakin igiya

Hedifon wasa mai makirufo a jiki ya fi sauƙi, ba musu. HyperX Cloud II, wanda ke kasuwa tun 2015, ya daɗe saboda ƙarfen jikinsa da laushin kushinsa, ko da yake sautinsa na da tudu a bes da kaifi, tsakiya ta ɗan lotsa. Cloud Alpha ya fi shi tsabtar bes. Razer BlackShark V2 mara nauyi ne, yana tare hayaniya da kyau, a wasa yana aiki, a kiɗa matsakaici ne. PC38X, wanda Drop da Sennheiser suka yi tare, buɗaɗɗe ne mai makirufo, kuma shi ne mafi kusa da amsa ɗaya ga mai ɗaki shiru, in an same shi.

Ɗaya hanyar ita ce ka sayi hedifon kiɗa ka ƙara masa makirufo. Idan yana da ramin 3.5mm a kofinsa, kamar SHP9500 ko Fidelio X2HR, igiya mai makirufo irin V-Moda BoomPro tana shiga kai tsaye. Idan ba shi da shi, akwai ModMic da ake mannawa da maganaɗisu, ko makirufon tebur na USB. Ribar wannan hanyar ita ce in ɗaya ya lalace ba ka jefar da duka ba.

Ka dubi kan igiyar. Mai baƙin zobe biyu sauti kawai yake ɗauka. Mai zobe uku yana ɗaukar sauti da makirufo, shi ne ke shiga waya, laftof da kwanturola. Kwamfutar tebur kuwa rami biyu gare ta, kore na sauti da ruwan hoda na makirufo, sai ka sayi 'yar igiya mai raba ɗaya zuwa biyu. Idan ka jona ka ji kiɗa na tashi amma muryar mawaƙi ta ɓace kamar daga rijiya, ko dai kan bai shige har ƙarshe ba, ko tsarin zoben tsohon yayi ne na OMTP alhali na'urarka CTIA take so. Adafta mai arha ke gyara wannan.

Ohm da ƙarfin na'ura

Lambar ohm ita kaɗai ba ta faɗin inganci, tana faɗin irin wutar da hedifon ke bukata ne. Daga 16 zuwa wajen 60, waya da kwanturola suna iya tuƙa yawancinsu. HD 560S ohm 120 ne amma ba shi da wuyar sha'ani, laftof ko dongul mai kyau na USB-C zuwa 3.5mm ya ishe shi. DT 990 Pro mai 250 da Sennheiser HD 600 mai 300 kuwa, a kwanturolar PS5 za ka ƙure murya ka ji har yanzu da saura. DT 770 Pro yana zuwa a 32, 80 da 250, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar na 250 da tunanin babbar lamba ta fi. Mai waya ko kwanturola ya ɗauki 32, mai kwamfuta 80. Akwai kuma masu ƙaramin ohm da ke cin wuta sosai kafin muryarsu ta tashi, kamar Hifiman HE400se, don haka a duba lambar desibel tare da ta ohm.

HD 600 ya cancanci kalma ɗaya. Tun 1997 ake auna sauran hedifon da shi a wurin fitar da murya, amma filinsa matsattse ne, sauti na taruwa a hagu, tsakiya da dama. Ga wanda kiɗa ne kashi 80 na amfaninsa, zaɓi ne mai kyau. Ga mai gasa, HD 560S da bai kai shi kuɗi ba ya fi.

Ba sai ka sayi amfilifaya mai tsada ba. Ɗan dongul na USB-C zuwa 3.5mm yana da tsabta fiye da ramin gaba na yawancin kwamfutocin tebur. Na Apple ma ya isa, sai dai samfurin Amurka volt 1 yake bayarwa, na Turai rabin haka, kuma a wasu wayoyin Android muryarsa ba ta ƙurewa. Idan kana jin "zzz" a kunne duk lokacin da laftof ke caji, musamman a wutar janareta ko inbata, ka zare cajar ka gani. In ƙarar ta ɗauke, laifin caja ne ko rashin wayar ƙasa a soket, ba na hedifon ba.

'Yan cikin kunne, waɗanda aka raina

Idan ka kalli manyan gasa a dandali, za ka ga 'yan wasa da babban hedifon a kai, amma sau da yawa sautin wasan ta ƙananan na cikin kunne da ke ƙarƙashinsa yake shiga, babban kuwa aikinsa tare ihun 'yan kallo da ɗaukar makirufo. Ga mai wasa a waya, a ɗaki mai hayaniya, a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, wannan ne zaɓin da ya fi hankali. Ba gumi a kunne, ba nauyi, suna toshe hayaniya fiye da yawancin rufaffu, kuma kowace waya na tuƙa su. Moondrop Chu II, 7Hz Salnotes Zero da Tangzu Wan'er duk suna wajen dala 20, igiyarsu na cirewa, kuma daidaiton sautinsu ya kunyata hedifon wasa da yawa masu ninkin kuɗinsu uku.

Rauninsu faɗin fili: kusurwa suna nuna ta daidai, amma nisa ya fi wuyar ƙiyastawa har sai kunne ya saba. Komai nasu kuma ya rataya ga robar baki. Suna zuwa da girma uku, ka gwada duka, kuma ba mamaki kunnenka na hagu da na dama su so girma dabam. Idan bes ya ɓace, roba ce ba ta toshe ba. Idan gefe ɗaya ya yi ƙasa bayan 'yan watanni, kafin ka ce ya lalace ka duba 'yar ragar bakin, yawanci dattin kunne ne ya toshe ta. Buroshi busasshe mai laushi ake sa wa, baki na kallon ƙasa, ba allura ba. Ka zaɓi samfurin mai makirufo a igiya tun wurin saye.

Yawancin wayoyin Tecno, Infinix, itel da Redmi na matsakaicin farashi har yanzu suna da ramin 3.5mm. Wanda tasa ba ta da shi, kuma yana son caji yana wasa, zai bukaci adafta mai baki biyu, kuma a nan masu arha sukan shigo da ƙarar caji cikin kunne.

Saiti biyu a hedifon ɗaya

Abin da ke sa hedifon ɗaya ya yi aiki biyu da gaske shi ne ikwalaiza, wato manhajar ƙarawa ko rage kowane zango na sauti. A Windows akwai Equalizer APO kyauta, a Android akwai Wavelet, kodayake ba kowane wasa ne ke bi ta cikinsa ba, hedifon wasa masu USB kuma suna da manhajarsu. Ka ajiye saiti biyu. Na kiɗa, ka bar shi yadda yake, ko ka ƙara desibel 3 zuwa 4 a ƙasa da 80Hz idan buɗaɗɗe ne. Na wasa, ka rage desibel 3 zuwa 4 daga 200Hz zuwa ƙasa, ka ƙara kamar 2 a tsakanin 2 da 4kHz. Kada ka wuce haka, domin ƙarar bindiga ma a nan take, za ta riƙa sukar kunne. Duk abin da ka ƙara, ka rage jimillar ƙarfin shigarwa da daidai wannan adadi, in ba haka ba sauti zai riƙa fashewa. Sautin taku ya bambanta daga wasa zuwa wasa, har daga katako zuwa ƙarfe zuwa yashi, saboda haka saitin da wani ya rantse da shi a wani wasa ba lallai ya yi a naka ba. Ka shiga filin atisaye da aboki, ya zagaye ka idonka a rufe, kana nuna inda yake.

A cikin wasan, ka zaɓi fitarwa ta hedifon ko sitiriyo, ka kashe kiɗan baya, ka sauke muryar 'yan ƙungiya ƙasa da ta wasa. Ka tabbata zaɓin haɗe sauti zuwa layi ɗaya da ke cikin saitin masu bukata ta musamman a kashe yake. A Windows kuma akwai wani saiti a shafin sadarwa na sauti da ke rage sauran sautuka da kashi 80 idan ya ɗauka kira kake yi, ka mayar da shi kada ya taɓa komai.

Zafi, ƙura da ranar saye

Kushin fatar roba shi ne ya fi tare hayaniya da riƙe bes, shi ne kuma ke fara ɓarewa. Gumi da man gashi da zafi suna sa shi tsagewa ya riƙa zubar da baƙin ɓawo a kunne da wuyan riga, wani lokaci cikin shekara ɗaya. Goge shi da ƙyalle mai ɗan danshi bayan wasa yana ƙara masa kwana, turare da sanitaiza kuwa kashe shi suke. Karammiski ya fi sanyi amma yana shan ƙurar hunturu, sai a cire shi a wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a shanya a inuwa har ya bushe sarai. Buɗaɗɗe a ajiye shi cikin jaka ko akwati, domin ƙura da gashi na ratsa raga su kwanta a kan lasifika, ka fara jin kaɗawa a bes. Ka sani kuma kushin ɓangare ne na sauti: sauya karammiski da fata yana ƙara bes ya rage fili, tsohon soso da ya lotse kuma yana dusashe komai. Kafin ka sayi kowane samfuri, ka bincika ko ana samun kushinsa da igiyarsa dabam.

Jabu ya yi yawa a sunayen da suka fi tashe, irin su Cloud II, M50x da kayan Razer da Sony. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kamfani alama ce. Sabo ne ko na hannu, ka je da wayarka da adaftarka ka yi gwaji huɗu a gaban mai kaya. Ka kunna muryar mutum ɗaya yana magana: dole ta tsaya a tsakiyar kai, in ta karkata ka juya hedifon ɗin ka sa shi baibai, idan karkatar ta koma ɗaya gefen, laifinsa ne. Ka kunna sautin gwaji mai hawa daga 20 zuwa 200Hz a matsakaiciyar murya ka saurari kaɗawa. Ka murza igiya a gindin kofi da gindin fulogi kana sauraron yankewa. Sannan ka naɗi muryarka da makirufon ka saurara. Idan mara igiya ne na hannu, ka tabbata dongul ɗinsa na asali na nan kuma yana haɗuwa, domin wasu samfuran ba a samun dongul ɗinsu shi kaɗai. Ka bar shi a kai aƙalla minti goma, ciwon matsi a saman kai da muƙamuƙi ba ya bayyana a minti na farko.

Game da ƙarfin murya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga baligi a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Masu gasa sun fi kowa faɗawa wannan tarko, domin suna ƙara murya don jin taku, sai harbi ya zo a kan wannan ƙarfin. Maganinsa rage bes kamar yadda aka nuna, da kunna yanayin dare ko matse tazarar sauti idan wasan na da shi, wanda ke ɗaga ƙananan sautuka ya sauke manya. Idan ka cire hedifon ka ji kunne na ƙara ko muryoyin mutane sun dusashe, ka sauke murya da mataki biyu ko uku a zama na gaba, in kuma ƙarar ta wuce kwana biyu ba ta tafi ba, ka ga likitan kunne.